Ranar da Malam Yohanna Ya Nemi Sallama

Ku da kuke tafintanci yanzu a gaban kumandan na Faransa kuna yawan tambayata yadda aikin yake kafin a kafa bariki a Tasawa. Akwai rana guda da har yau ba ta fita raina ba, ranar da Malam Yohanna ya je neman sallama wajen Maigari Bawa. Ita zan ba ku.

A lokacin, da sauran ƴan shekaru kafin Faransa su iso. Ni ɗan Tasawa ne, amma na daɗe ina bin fatake zuwa Ilori, mu kai kanwa mu komo da goro da tufafi, can na ji Yarbanci. A ayari madugu ne shugaba, jagaba shi ke duba hanya da zango. Irina ba mu da muƙami, sai an iso inda harshe ya saɓa a ce a kira Illo.

A wata komowa madugu ya haɗa ni da wani baƙo. Baƙar fata ne kamarmu, Bayarabe haihuwar Saro, wato Saliyo, Kirista. Manyan majami'arsu can bakin teku suka aiko shi ya yi rani guda a ƙasar Hausa, ya ba da magani, ya faɗi addininsu, ya koma kafin ruwa ya sauka ya kai masu labari. Sunansa ya yi wa mutane nauyi, aka mai da shi Malam Yohanna. Aka sauke shi a wani gari tsakanin Kanan-Bakashe da Mayahi, inda dangin matata suke, ni kuma na zama bakinsa.

Aikin yana da tsari. Da hantsi ya zauna gindin gawo da akwatinsa, ya wanke gyambo, ya ɗiga maganin ido ga manoma da Fulanin da ke shigowa kasuwa. Bayan la'asar ya buɗe littafinsa ya yi magana, ni in juya. Ƙa'idar tafinta ita ce ya tsaya gefe, baya kaɗan, ya fara kowace magana da "ya ce", don a san ba tasa ba ce. Wannan na kiyaye. Abin da ban kiyaye ba shi ne abin da ke biyo bayan "ya ce". In ya ce Isa Ɗan Allah ne, sai in ce, "Ya ce Annabi Isa Ruhin Allah ne." In ya ce an gicciye shi ya mutu ya tashi, sai in ce, "Ya ce Allah ya ɗauke shi sama." Mutane su gyaɗa kai, su ce ashe Malam yana kan hanya. Ina tsoron a taɓa shi, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma ni Musulmi ne, harshena bai son ɗaukar maganar. Haka muka yi wata biyar.

Saura kwana shida ayarin da zai bi ya tashi daga Tasawa, muna ɗaure kwalabe a cikin tsumma, sai ya yi mini magana da Hausa, abin da bai saba ba.

"Illo, mi ka ce masu jiya?"

Na ce, "Abin da ka ce, Malam."

Ya koma Yarbanci. Ya ce tun watan da ya wuce kunnensa ya buɗe, yana jin inda nake kaucewa, amma ya yi shiru don gyaɗa kan da ake yi masa ya yi masa daɗi. "Yanzu zan koma. Manyana za su tambaye ni ko na faɗa masu. In na ce na faɗa, na yi ƙarya. Hausata ta isa in ji, ba ta isa in faɗa ba. Sau ɗaya nake roƙonka ka faɗa yadda na faɗa, ranar sallama."

Na ce, "Malam, kai tafiya za ka yi. Ni a ƙasar nan za a binne ni."

Ya ce, "Na sani. In ka ƙi, ba zan riƙe ka a zuciya ba."

Ya ci gaba da ɗaure kwalabensa. Bai sake tayar da maganar ba, ni kuma na kwana biyu da ita.

A wancan zamani baƙo ba ya barin gari haka kawai. Sai ya sallami mai masaukinsa, sannan a kai shi zauren maigari, ya yi godiya a gaban dattawa, ya nemi yafiya, a sa masa albarkar hanya. Ranar Jumma'a da hantsi muka shiga. Maigari Bawa yana kan buzunsa, Liman Habu a damansa, dattawa sun cika zaure, har da surukina.

Malam Yohanna ya gode wa ruwa da hatsi da inuwa, na juya. Ya nemi yafiya, na juya. Sannan ya ce akwai saƙon da aka aiko shi da shi, yana so ya ajiye kafin ya tafi. Ya faɗi shi a gajarce, bai ɗaga murya ba. Da ya gama, bai waiwayo ni ba.

Na ce, "Ya ce a addininsu Isa Ɗan Allah ne. Ya ce an gicciye shi, ya mutu saboda zunubin mutane, ya tashi rana ta uku. Ya ce wannan ne abin da yake faɗa tun ranar da ya sauka."

Wani dattijo ya ce a'uzu billahi. Biyu suka tashi suka fita. Maigari ya dubi Liman.

Liman Habu ya ce, "Gaya mashi mun ji, ba mu karɓa ba. Allah bai haifa ba, ba a haife shi ba. Maganar Nasara ce, masu zuwa hajji sun sha ba mu labarinta. Da ma ina mamakin Banasaren da ba ya faɗinta. Gaya mashi kuma idon jikata ya warke, wannan ba mu manta ba."

Na juya masa duka, ban rage komai ba.

Maigari ya yanke cewa kwanakin da suka rage Malam ya ba da magani amma ya rufe littafi. Ya sa aka ba shi damin hatsi da mutum biyu masu rakiya har Tasawa. Masu zuwa gindin gawo suka ragu. Ya tafi ba tare da mutum ɗaya ya bi addininsa ba, kuma ban ga alamar abin ya karya shi ba. A bakin zango ya riƙe hannuna ya ce, "Na gode," da Hausa. Ban sake jin labarinsa ba.

Ni na ɗauka abin da za a riƙe ni da shi maganar da na furta ce a zaure. Da na komo garin, Liman ya kira ni.

"Illo, ka yarda da abin da ka faɗa rannan?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, bakin aro ne ni."

Ya ce, "To ba laifi a nan. Amma wata biyar wa muke saurare, shi ko kai?"

Na yi masa sallama, na koma gidan surukina.

Da rani ya zagayo wasu Yarbawa fatake suka yi rigima da mutanen garin a kan jaki. Ina gidan surukina a lokacin, zaure da zaure da maigari. Ba a kira ni ba. Aka tsai da shari'ar kwana uku har aka ɗauko wani tafinta daga Mayahi wanda Yarbancinsa bai kai rabin nawa ba. Da surukina ya tambayi dalili, Maigari ya ce, "Illo yana da tausayi. A shari'a ba mu son tafinta mai tausayi." Sai da na yi shekaru kafin a sake tsai da ni a wannan zaure.

To ga abin da na ɗauko. Watarana kumandan zai faɗi magana mai zafi, ko talaka ya mayar da wadda ta fi ta zafi, zuciyarku ta ce ku sanyaya ta a hanya don a rabu lafiya. Mutanenmu suna iya jin abin da ba su so, su ce ba su karɓa ba, su kuma ba mai maganar hatsin guzuri. Abin da suke daɗewa ba su yafe ba shi ne su gane wani ya tsaya tsakani yana zaɓar masu abin da za su ji.