Yatsun Yaya

Yayana ne ya koya mini wasan, ba don ya yi niyya ba. Injin yankan ƙarfe ne ya cinye masa yatsu uku na hannun dama a garejin da yake aiki a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Ya dawo gidanmu na Alhilla Kuku, ya shige ɗaki, ya daina magana. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo malami ya yi tofi, duk a banza. Abinci ma a bakin ƙofa ake ajiye masa.

Wata rana shirun gidan ya ishe ni, na shiga ɗakinsa na kunna na'urar wasansa. Wasan laɓe-laɓe ne, mutum ɗaya a cikin wani ƙaton gida cike da masu gadi, in aka gan ka, taka ta ƙare. Ni kuwa gaba-gaɗi nake kutsawa kamar mai shiga gidan biki, ana ta kashe ni. Can sai na ji murya daga kan gadonsa na igiya.

"Ke Auta, haka ake yi? Koma bayan akwatin nan. Tsaya. Tsaya na ce! Hassa, yanzu, wuce!"

Na wuce. Inna da ke tankaɗe a tsakar gida ta saki rariya.

Daga ranar muka raba aiki, shi ido da kunne, ni yatsu. Yana jin takun mai gadi tun ban gan shi ba, ya san wanda ke tsayawa hamma da wanda ke waiwaye. In kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke, mu koma inuwa ya zana mini hanya da tsinke a ƙasa, yana cewa kaina kamar na jaki. Ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Ya fara aski, ya koma zuwa masallacin Juma'a.

Amma wasa yana ƙarewa. Muka gama, muka sake, har na haddace kowane lungu. Sai na riƙa jan ƙafa da gangan ina jiran "hassa" ɗinsa, shi kuma ba yaro ba ne, muryarsa ta fara yin ƙasa. Shi ya sa da aka ce kashi na biyu na nan tafe, na ɗora masa duk burina. Sabon wuri, inda ban san komai ba, inda zan buƙace shi da gaske. Shekaru muka yi muna jira.

Da ya fito na samo shi a kasuwar Suk al-Arabi, na haye Umdurman na aro sabuwar na'ura wurin ɗan kawunmu. Inna ta dafa shayi. Yaya har farar jallabiya ya sa.

Wasan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Gari ne guda da dajinsa, ka bi inda ka ga dama. To amma kibiya ce ke nuna maka hanya. Ka danna abu ɗaya, masu gadi su yi ja kana ganinsu ta cikin bango. In ma an gan ka, ka harbe kowa ka ƙara gaba, ba wanda zai ce don me. Yaya ya buɗe baki, "Akwai mutum a bayan…" sai ga allon ya riga shi. Ya ce "Tsaya," alhali ba abin tsayawa. Ya sake gwadawa, aka sake riga shi, shayinsa ya huce. Allah ya isa tsakanina da waɗanda suka yi wasan nan. Sun yi shi ne don mutumin da ba shi da kowa a gefensa.

Washegari na lallaɓa na kashe kibiyoyin da jan launin duka. Bai hana komai ba, fili ne fetal, in nan ya toshe ka zagaya can. Da na rasa dabara, na miƙe na afka wa wani mai gadi kamar ban lura da shi ba.

"Auta, khalas, ya isa haka," in ji Yaya. "Tun daga nesa kika gan shi. Kada ki yi mini sadaka."

Ya cusa hannun a aljihun jallabiya, ya juya fuskarsa bango. Na mayar da tsohon wasan, na ce Yaya zo mu yi namu. Bai juyo ba, ya ce, "Kin haddace shi. Buga abinki."

Na mayar wa ɗan kawu na'urarsa. Inna ta koma ajiye kwano a bakin ƙofa, ba ta kuma tambaye ni abin da ya faru ba. Tsohuwar na'urar tana ɗakina yanzu, bango ɗaya ne tsakanina da shi. Wani lokaci nakan kunna, in ƙure sauti, in laɓe bayan akwatin nan. Mai gadi ya zo, ya yi hamma, ya juya. Na san daidai lokacin wucewa, amma ba na wucewa. Haka nake zama riƙe da abin dannawa har kahraba ta ɗauke.