Lado Mai Hatimi da Zauren Gwaggo Asabe

Ni dai ban taɓa yarda Lado yana da mugun ido ba. Mutumin da ya shekara talatin a gindin darbejiya a bakin kasuwar Kiru yana sassaƙa wa makarantu hatimi a jikin roba, da idon gare shi ai bishiyar ce za ta fara bushewa. Laifinsa ɗaya: in ba aiki sai ya hau keke ya bi ƙauyuka, duk inda ya ga tsohon zauren ƙasa ya fara tsagewa ya zauna ya sassaƙa shi a roba da reza, ya shafa tawada ya buga a takarda. Damina na sauka zauren ya zube. Ba wanda ya ga laifin ruwa, kowa ya ce Lado ne. Shi ma bai taɓa musawa ba, don ya lura saboda tsoro ana matsawa a ba shi wuri a bencin mai shayi.

A ƙauyen Ba'awa akwai zauren da mahaifin Gwaggo Asabe ya gina, ya ƙawata fuskarsa da zane tun yaɓen yana ɗanye. Idonta ya yi rauni, amma kullum da safe sai ta bi zanen da hannu. Ɗan ƙaninta Mujitaba, mai shago a Kano, shagunan bulo yake so a wurin, ita kuwa ta rantse ba mai sa wa zauren diga tana raye. Sai ya zo wa Lado da murmushi, wai yana so a zana masa zauren don tarihi. Lado ya gane so ake ginin ya faɗi ba da hannun kowa ba. Abin ya ƙona masa rai, amma ya ce to.

Kwana uku ya yi a ƙofar gidan. Bai bar tsaga ko ɗaya ba, wasu ma ya ƙara musu faɗi. A ƙasa ya sassaƙa manyan baƙaƙe: GIDAN SU ALHAJI MUJITABA NA KANO. Ya buga takardu ya raba wa direbobi a tasha, wani ya ɗauki hoto ya watsa a waya. Kafin Juma'a abokan kasuwa sun fara tambayar Alhaji ko a haɗa masa gudummawar ƙasa da ciyawa.

Kunya ta yi aikinta. Mujitaba ya turo magina da siminti buhu-buhu, suka shafe zauren sumul, aka bi da shuɗin fenti. Lado ya yi ta dariya a kan keke har Ba'awa, dariyar ta tsaya da ya tarar da tsohuwar tana lalube bango.

"Lado, an ce kai ka ceci zauren," in ji ta. "To ina aikin Baba?"

Lado ya ciro robar da ya sassaƙa zauren a jikinta daga aljihu ya sa mata a tafin hannu. Ta daɗe tana bin layukan da ɗan yatsa.

"Ka juya shi, na dama ya koma hagu."

Ya fara yi mata bayanin cewa haka ake hatimi, ba ta saurare shi ba. Ta ƙulle robar a bakin zaninta ta shige gida.