Ranar da Wuƙa Ta Ɓace a Gidanmu

Shekarun baya, lokacin da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako a Mamudo, babu wanda ya kai ni ji da kai. Na ɗan taɓa darasin noma a aji, don haka a ganina ni rabin likita ne.

Mahaifina yana da shanun huɗa biyu, fari da ja. Da su muke noma duk abin da za mu ci, kuma ba a ɗaura karkiya a wuyan sa ɗaya. In guda ya faɗi, damina ta wuce mu ke nan. Jan kuwa mahaifiyata ce ta rene shi tun yana ɗan maraƙi bayan uwarsa ta mutu, har ya saba bin ta bakin rijiya.

Ruwan shuka ya sauka da kwana biyu sai jan ya tashi yana ɗingishi, ƙafarsa a kumbure. Bara ma ya yi haka, malamin dabbobi ya yi masa allurar penisilin ya warke. Malamin nan, wani mutumin Filato, gida uku ne tsakaninmu da inda yake haya. Amma na ce wa Baba ba sai an dame shi ba, ai a gabana aka yi. Na shiga mota zuwa Potiskum, na sayo irin kwalbar nan sak, na dawo na tsira masa ina wani ɗaure fuska irin ta manyan likitoci.

Ban gama wanke hannu ba ya fara rawar jiki. Fatar idonsa ta kumbura, wuyansa ya yi rudu-rudu, dalala na zuba, numfashinsa na fita da ƙara. Sai ya durƙushe.

Kun san mu, dabba in za ta mutu, ba a barin ta zama mushe. Baba ya tsuguna ya dafa wuyansa ya ce, "Ku ba ni wuƙa."

Inna ta shiga madafa. Ni kuwa na fita a guje, ko takalmi babu. Na tarar da malamin yana shirin hawa babur, ban ma gaishe shi ba na kama jakarsa.

Da muka dawo, Baba yana nan yadda na bar shi, daga madafa kuma sai ƙarar kwanuka kake ji.

Baba ya ɗaga murya, "Wai har yanzu ba ki gan ta ba?"

"Ina dubawa, Malam. Nan fa na ajiye ta."

Malamin ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ni minti goma tukuna." Ya zaro wata 'yar ƙaramar kwalba ya yi masa allura. Muka yi cirko-cirko. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, don na san in ya mutu, hannuna ne. A hankali ƙarar numfashin ta ragu. Kafin la'asar ya miƙe yana layi, ya sa baki cikin ruwa.

Malamin ya ja ni gefe ya ce borin jini ne, dabbobi ma suna yi. Bara jikinsa ya ga maganin ya riƙe shi a matsayin maƙiyi, bana da ya sake ganinsa sai ya tashi faɗa har ya nemi kashe kansa. "Ko ni na yi masa, haka zai yi," in ji shi. "Amma ni ina da makarin a jaka. Kai me ne a taka jakar?" Na sunkuyar da kai. Har na bar garin, Likita abokaina suke kirana, kuma ba don yabo ba.

Mun yi huɗarmu a makare, amma mun yi. Tun daga ranar ban ƙara cewa maganin da ya yi aiki bara dole ya yi bana ba, a kan dabba ko a kan mutum.

Yanzu Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, turken ma an gina ɗaki a wurin. Duk lokacin da na ji ƙamshin ruwan farko, kewar gidan nan takan kama ni sosai. Kwanakin baya na je gaishe da Inna a Dogo Nini, inda take zaune yanzu, hira ta kawo mu kan jan sa, na tambaye ta inda wuƙar ta shiga ranar.

Ta yi dariya ta ce a cikin zanenta take, ta kasa miƙawa ne kawai.

Na ce, "To da Baba ya gane fa?"

Ta ce, "Kai ma dai. Ka taɓa ganin mahaifinka ya fita turke babu wuƙa a aljihunsa? Tana jikinsa. Kira yake ta yi, yana addu'a kar in kawo."