Mai Yi wa Sandar Goge Ƙasa Kitso

Wani ƙaton mutum ne tsaye a lungun shagon kayan shara, gemu duk furfura, yatsu kamar na makaniki. Ya rungume sandar goge ƙasa, ya raba zarenta gida uku, yana kitsawa, harshe a waje. Kitson yana warwarewa, shi kuwa yana ƙyalƙyala dariya yana sakewa.

Mai shagon ta gaji da leƙe. "Malam, saya za ka yi ko kwalliya kake mata?"

"Gwaji nake, Yaya!" Har da rawar kafaɗa. "Alƙali ya ba ni 'yata duk ƙarshen mako. Uwarta ta ce ko kai ban iya gyara mata ba, kwana ɗaya za ta yi ta nemi a mai da ita. Gobe za ta zo!"

Da ganinsa ka san ɗakin yarinyar ya sha shara sau uku tun safe, maƙwabta kuma sun haddace labarin.

"In ka ja gashinta haka, ko kwanan ba za ta yi ba. Sassauta hannu!"

Nan take ya sassauta, ya shafa kan sandar a hankali. "Yi haƙuri, Mamana. Da zafi?"