Tsokar da Ban Iya Riƙewa Ba

Ban yi makaranta ba, hannuna bai san alƙalami ba. Ɗiyata Hadiza ce ke rubuta wannan, ita da ke aikin jinya a asibiti. Na ce mata ta rubuta duk abin da ya fito daga bakina, ko da sunanta ya faɗo ciki, kada ta gyara.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mai gidana. Mahauci ne ɗan mahauci, ya fi shekara hamsin yana tsaye a bakin teburin namansa a nan Zongon Lome. Ba zan kama sunansa ba, tunda ban kama ba yana raye. Hawan jini ne ya kayar da shi wata safiya yana alwala, ya yi kwana tara a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Har yau in na ji ana wasa wuƙa a maƙwabta sai in miƙe in ɗora masa ruwan wanka, kafin in tuna. Ina kuka, ba na ɓoyewa. Wanda ya gaji da ji ya koma wancan ɗakin.

Rediyonsa na nan a kan taga inda ya bar shi. Makon jiya aka tara 'yan siyasa a ciki suna gardama a kan naman shanu. Da Faransanci suke yi, Hadiza na juya mini. Wani ya ce ya kamata gwamnati ta sa mutane su rage cin nama, wai shanu sun yi yawa a duniya, suna cinye daji, suna ƙara wa duniya zafi, kitsensu kuma na toshe jijiya. Wani ya taso masa da faɗa, ya ce wannan zancen waɗanda suka ƙoshi ne. Ya ce a je a tambayi mai tura kura a kasuwar Be ta nan Lome yaushe rabonsa da nama, a kuma gaya masa abin da mahauta da makiyaya za su ci in an rage.

Ɗana Sani, wanda ya gaji teburin, yana zaune yana cin tuwo. Ya ce, "Wannan na biyun ɗan halak ne. Ni dai sadakar shekarar Baba, bijimi zan kayar, mai tozo kamar tulu. A ce mahauci ya mutu an yi masa sadaka da wake? Da wane ido zan dubi Sarkin Fawa?"

Hadiza ta ce, "Kai ka sani, Yaya. Ka kayar da biyu ma, ka bi Baba inda ya tafi."

"Ji bakinta! Da kuɗin naman nan aka kai ki makarantar da kike mana iyayi da ita."

"Naman ne ya kashe shi! Tozo kullum, rana da dare, shekara da shekaru. Wace zuciya ce za ta ɗauka?"

Sai duk suka kau da ido daga kaina. Domin duk mun san hannun da ke gasa tozon nan. Nawa ne. Tun ranar ban ƙara cin abinci da daɗi ba. Tambaya ɗaya ke bina har kan sallaya: ashe ni na kashe shi da akushina? Kuma duk inda na juya sai in ga kakata Tabawa a bakin murhu.

A tsohon Zongo muka tashi, can cikin gari kusa da Amutive, kafin a dawo da mu nan. Iskar teku na shigowa har tsakar gida. A lokacin, da ƙafa shanu ke zuwa daga arewa, ta Mango da Sokode, su iso a rame, ƙafafunsu duk ja da ƙasar hanya. Ubana ma mahauci ne, amma kada ka zaci muna iyo cikin nama. Kaka ce ke riƙe da gidan, kuma a wurinta nama na ranar Juma'a ne kawai. Sauran kwanaki miyar kuka da ɗan kifin Minawa, mutanen bakin teku.

Ranar Juma'a in an idar da magariba, sai ta hura wuta da ɓawon kwakwa, ta ɗora ɗan yankin tozo a kan waya. Yaran gidanmu da na maƙwabta mu kewaye ta. Kitse na ɗiga a garwashi yana cuwa, ƙamshi na shiga har cikin kai. In ya gasu ta yanka ƙanana, ta ce kowa ya buɗe tafinsa. Ta sa wa kowa tsoka ɗaya, ta naɗe masa yatsu da hannunta mai laushi kamar tsohon zane. Dokar ita ce, ba mai kaiwa baki sai tatsuniya ta ƙare. Wanda ya ci kafin nan, ya tashi ya je bayan ɗaki ya wanke tukwane, ƙarshen labari ba nasa ba ne.

"Ga ta nan tafe da ƙafa huɗu," in ji ta.

Mu ce, "Ta iso mu ga ƙahonta!"

Ni ce gwanar faɗuwa. Tana kirana Ladi mai bakin kura. Akwai wani yaro na gidan da ke jikin namu, ya girme ni da shekara uku, kullum yana jingine da bango, hannu a dunƙule kamar an ɗinke. Kaka na ce masa, "Angona, kai kaɗai ne namiji a nan." In na miƙe zan tafi wurin tukwane sai ya ɗaga mini dunƙulen hannunsa yana murmushi. Na tsane shi ƙwarai. Shi na aura.

Tatsuniyar da ta fi tsaya mini ita ce ta saniya da matar manomi. Wai a farkon zamani ba a yanka shanu. Wata mata ta tsinci saniya ta maƙale a taɓo, ta jawo ta, ta wanke ta. Saniya ta ce, "Tunda kin yi mini haka, duk Juma'a ki zo ki gaishe ni, ki yanki daidai tafin hannunki a tozona, ki shafa toka a wurin. Kafin wata Juma'ar ya cike." Haka aka yi ta yi. Matar ta gasa ta kai wa mijinta, ya ci ya lumshe ido ya ce duk duniya ba mai hannunta. Maganar ta yi mata daɗi. Sai ta ce a ranta, me zai hana in ji wannan magana ranar Talata ma? Ta je ta yanka. Saniya ta bar ta. Daga nan sai kullum. Tozo ya daina cikewa. Saniya ta shiga cin ciyawa dare da rana don ta mayar da abin da ake ɗiba, har ta cinye fadama, ta cinye ganyen itatuwa, rafi ya janye. Miji kuwa ya yi nauyi, ya kasa ɗaga fartanya, ya kasa tashi daga tabarma. Wata safiya matar ta fito da wuƙa, ta tarar da igiya a ƙasa, sawun kofato ya yi arewa.

Nan ilimina ya tsaya. Sau biyu Kaka ta yi wannan tatsuniya a gabana, sau biyu ina kaiwa daidai nan in ji tsokar ta riga ta wuce maƙogwaro. Tsoro ne ke sa ni, ba na sanin lokacin da hannuna ke tafiya.

"Ladi, buɗe hannu."

"Kaka, ɗanɗanawa kawai na yi."

"Na gani. Tukwane ma ɗanɗana su za ki yi, ki ji ko sun fita."

Ina bayan ɗaki ina goge tukunya da toka, ina jin muryarta sama-sama, sai na ji yara sun yi ajiyar zuciya gaba ɗaya, ta ce, "Ƙurunƙus, kowa ya kai bakinsa." Na ce wata Juma'ar zan riƙe. Daminar nan Kaka ta rasu. Yaran da muka zauna tare suka watse, wasu Akara, wasu Kwatano. Waɗanda na tambaya daga baya sun manta.

Shi bai manta ba. Satin farko da aka kai ni ɗakinsa na tambaye shi. Ya ce, "Kin ci tsokarki, Ladi. Dokar Kaka ce, ni wa zan karya ta?" Na yi fushi, ya yi dariya. Abin ya zama wasanmu har tsufa. In mun yi faɗa, shi ke nan hanyar shiri: in ce, "To saniyar ta dawo?" ya ce, "Je ki wanke tukwane."

Ni kuma na ɗauki jiran nan na yarinta a matsayin talauci. Na yi wa kaina alkawari mijina ba zai taɓa zama da nama a hannu yana haɗiyar yawu ba. Kullum in ya taso daga kasuwa da ɗan tozo a ƙunshe, in gasa, in barbaɗa yaji, in ajiye masa duka. Ni da ban iya riƙe tsoka ba, sai ga ni ina miƙa ta ɗungum, in lashe yatsa kawai. Ya ci ya lumshe ido ya ce, "Duk Zongo ba mai hannunki." Wallahi sai bayan ya tafi na gane a bakin wa na taɓa jin wannan magana. Ni ce matar manomin, kuma wanda ya san ko an yafe mata yana kwance a maƙabarta.

Da na kawo nan, Hadiza ta ajiye alƙalami. Abin da ke biye sai bayan kwana biyu na sa ta rubuta.

Ta ce, "Inna, ba ke ba ce. Shekara shida da suka wuce na auna jininsa da hannuna, na ce ya bar tozo. Ya ce to. Sannan ya sa na rantse ba zan gaya miki ba."

Na ce, "Don me?"

"Ya ce, 'Uwarki ba ta iya faɗin so da baki ba, da akushi take faɗa. In na mayar mata da akushin, da me za ta yi magana?' Ni ce na sani na yi shiru, Inna. Ranar nan ba da ke nake ba, da kaina nake."

Muka yi kuka har aka kira la'asar. Da magariba ta fita, ta dawo daga wurin yayanta da ɗan yankin tozo, ta gasa a kan kurfotin gawayi. Ta ce in buɗe tafina. Ta sa, ta naɗe mini yatsu.

"Ranar da na auna shi ya ba ni ƙarshen. Ya ce in riƙe miki, in kin iya jira."

Wai matar ta ɗauki dammin ciyawa a ka ta bi sawu, kwana da kwanaki, har ta iske saniya a bakin wani kogi. Ta durƙusa a gabanta. Saniya ta ce, "Tashi. Kullum ina kallon hannunki, ban taɓa ganin ya nufi bakinki ba. Na san wa kike yanka wa, na yafe. Abin da ya kore ni, kin daina gaishe ni, kin daina duba ko wurin ya warke." Ta yarda ta biyo ta gida, ruwa ya dawo rafi. Amma ta ce daga ranar namanta ba zai ƙara tsirowa ba. Duk mai son nama sai ya ɗauki rai ɗungum. Saboda haka a ci kaɗan, a daɗe ba a ci ba, in an yanka kuma a kai wa kowane gida.

Na ce, "Mijin fa? Ya tashi?"

Hadiza ta ce, "Baba bai faɗa ba."

Ban matsa mata ba. Ko haka Kaka ta faɗe ta, ko shi ya gyara ta saboda ni, ban sani ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Yanzu in na tuna mutanen rediyon nan, sai in ga kowannensu rabin tatsuniyar ya ji, kamar ni. Na farkon ya ji inda fadama ta ƙare, bai ji yunwar mai tura kura ba. Na biyun ya ji yunwar, bai je bayan gida ya duba tozon ba. Kaka ba ta san zafin duniya ba, ba ta san awon jini ba, amma ba ta hana mu nama ba, ba ta kuma bar mu mun saba da shi ba. Da na riƙe dokarta a gidana, wataƙila da yanzu yana nan yana ce mini in je in wanke tukwane. Wataƙila kuma kwanansa ne ya ƙare. Allah ne ya sani.

Na kira Sani na ce ya kayar da bijiminsa, uban mahauta ne ya mutu. Amma ba za a ɗora tukunya a gidan nan ba. A yanka daidai tafin hannu, a bi gida gida, har Minawan da ke bayan masallaci. Ya ce, "Inna, ai sai a ce mun yi rowa." Na ce a ce.

Ita kuwa tsokar da Hadiza ta sa mini, na riƙe ta har ƙarshe, shekara sittin da wani abu bayan lokacinta. Ta huce a hannuna, kitsen ya daskare a tsakanin yatsuna. Hadiza ta ce, "Ƙurunƙus, Inna, kai bakinki." Na gutsuri rabi. Sauran rabin na miƙa hannun dama, inda yake zama, kafin in tuna.