Langar Silifatu

Abin nan ya faru ne kafin motoci su koma hannun dama, kafin kuma a karɓe mana sule da sisi a ba mu naira. Shekarar da aka koro baƙi daga Gana ce, damina ɗaya bayan rijiyar gidanmu ta rufta da akuyar Malam Ilu. Ni ban yi boko ba, amma ban taɓa roƙon wanda ya yi ya tuna mini wani abu ba. Lokacin nan an fara ɗaura mini zane a ƙirji.

Kakata, Inna Dela, ita ke da aikin man gyaɗa mafi girma a Ƙofar Guga. Mata suna wuni a tsakar gidanmu, wasu suya, wasu daka, wasu matsar mai da murza ƙuli-ƙuli. Idan an yi magariba sai a zube buhun gyaɗar gobe, a hura wuta da ɓawon ta jiya, manya da yara mu kewaye muna ɓarewa, Inna tana ba mu tatsuniya don kada hannu ya mutu.

Cikin matan akwai Ramatu Banufiya. Katsinawa da Nufawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, don haka ba ranar da ba a zagin Ramatu.

Inna takan ce mata, "Ke baiwa, ɓarewa kike ko ci?"

"Ci nike, uwar ɗaki. Wani ya taimake ki, tunda ba ki da haƙorin tauna ƙulinki."

Haka suke, kuma kwano ɗaya suke ci.

Sai ga Silifatu, Bayarabiya, cikin waɗanda aka koro. Mijinta mai gyaran keke ne, suka kama ɗaki a maƙwabta. Hausarta ta zangon Kumasi ce, amma hannunta, wayyo! Da kunne take suya. Tana jin ƙarar gyaɗa cikin yashin kasko ta san ta yi, ba ƙuna ba ɗanye. Man da aka matsa daga suyarta garau yake, har daga unguwar Gobarau ake aiko da kwalba a ce na Bayarabiyar nan ake so.

Inna ta kafa doka. "Baƙuwa ce, an raba ta da gidanta. Wadda ta ɓata mata rai ta bar mini gida. Mu ba Gobirawa ba ne, balle a ce akwai wasa tsakaninmu da Yarabawa." Ta ciro langa mai fure daga cikin jerenta. Kullum da rana a zuba wa Silifatu tuwo a ciki, a ɗora tsoka biyu, a shimfiɗa mata sabuwar tabarma a ɗakin Inna, a saki asabari, kowa ya fita. Haka muke karrama baƙo, a bar shi ya ci ya ƙoshi ba ido a kansa. Mu kuwa muna waje muna kokawa da kwano ɗaya muna shewa.

Saura mako uku babbar salla, lokacin da kowane gida ke neman man suyar nama, Silifatu ta durƙusa ta ce ranar Juma'a za ta bar aiki. Inna ta tambaye ta dalili, ta ce ba komai. Ramatu ce ta bi ta har gida ta dawo da labari.

"Uwar ɗaki, ta ce ko kuturta kuka gani a jikinta. Wata huɗu ba wanda ya sa hannu a kwanonta, ba wanda ya ko harare ta. Ta ce a garinsu mai cutar da ake gudu ake kai wa abinci ɗaki a rufe."

Inna ba ta iya ba da haƙuri ba, kuma ni ma a wurinta na gada. Sai kawai ta aika a ce Silifatu ta tsaya ɓarar gyaɗa da yamman nan.

Da aka zauna ta gyara murya. "Ga ta nan tana tahe, mai gyangyaɗi shi ba ta hanya."

Muka ce, "Ta iso, mun shimfiɗa mata."

Ta ce wata agwagwa ce tafkinsu ya ƙafe, ta zo ta sauka gidan kaji. Kaji suka ce wannan mai tafiyar ƙasaita ba a haɗa ta da turmutsutsu. Suka zaɓo gero mai kyau suka zuba mata a faifai can tsakiyar fili, su kuma suka koma gindin rumbu suna saran juna a kan tsaki. Agwagwa ta yi ta ci ita kaɗai, ta yi ƙiba, hawaye na zuba cikin geron. Rannan shirwa ta leƙo daga sama ta ce, "Kai, mutanen gidan nan da kirki suke, har a faifai suka ajiye mini." Ta sure ta. Amma karamcin kaji ya yi wa shirwa nauyi. Ta yi sama kaɗan, ƙugunta ya amsa, ta sake ta. Agwagwa ta faɗo tim a kan uwar kaji. Uwar kaji ta manta da ladabi, ta kai mata sara a ƙeya, ta ce, "Ke mai baki kamar ludayi, makauniya ce ke?" Agwagwa ta shafa ƙeya ta fashe da dariya, ta ce, "Alhamdu lillahi, yau na iso gida."

"Ta ƙare," in ji Inna. "Wadda ta taka wa ƙafa ta ɗauke."

Ramatu ta ce, "Uwar kajin nan na san ta. Ba ita ta ciro faifan daga jerenta ba?"

"Wa ya sa bakin bayi?" in ji Inna.

Silifatu ta ci gaba da ɓara, kanta a ƙasa. Washegari ta zo da ƙullin kaya, ta ce yau ita za ta yi miya. Aka zuba a babban kwano, ta wanke hannu ta zauna tsakanin Inna da Ramatu. Inna ta kai loma ɗaya. Idonta ya yi ja, hanci ya kama zuba, ɗankwali ya zame. Ta sha ruwa moɗa biyu, sannan ta nuna Silifatu da yatsa.

"Ke 'yar mai jan mai! Yanzu na gane abin da ya sa aka koro ku. Barkonon ƙasar kuka ƙarar!"

Wata ta ce a hankali, "Inna, ai kin ce ba wasa tsakaninmu da su."

"Mi kika sani? Kakata ta wajen uwa Bagobira ce."

Ba wanda ya taɓa jin wannan kakar sai ranar. Silifatu ta yi dariya har ta kwanta a jikin Ramatu, ta ce, "Ƙara loma, tsohuwa, ko hancin ya buɗe ki ji gyaɗarki na ƙonewa." Juma'a ta zo ta wuce, ba wanda ya tuna da ita.

Na daɗe ina ɗauka labarin agwagwa na dariya ne kawai. Sai bara, jikata da ke aikin jinya can Turai ta bugo waya ta ce, "Hajiya, kowa a wurin aiki yana yi mini murmushi, ba wanda ya taɓa yi mini faɗa." Na ce, "Ɗiyata, ki dafa abu mai yaji ki kai masu. Wanda ya yi tari ya zage ki, shi za ki riƙe."

Inna Dela ta rasu, Ramatu ta bi ta, Silifatu ma a nan Katsina aka rufe ta, Allah ya jiƙansu. Cikin waɗanda suka zauna bakin wutar nan saura mu uku: ni, da ƙanwata Abu da kunne ya tafi, da Mulikatu ɗiyar Silifatu, wadda ke goye a bayan uwarta lokacin. Tana aure a Ƙofar Kaura, jikokinta sun fi nawa yawa, kuma duk Juma'a sai ta zo ta cinye mini tuwo ta ce miyata ruwan wanke hannu ce.