Hajja Mu'mina, Mai Jinyar Firgici Ta Cikin Waya

Da ƙarfe bakwai da rabi na safe, lokacin da masu shaguna ke ɗage ƙofofi a unguwar Lamisula, a babban birnin Barno, Hajja Mu'mina takan shiga ɗan ɗakin da ke bayan gidanta riƙe da kofin shayi. Ta duba ko batirin sola ya cika, ta ja taga don kada hayaniyar layi ta shigo, kada kuma maganar ɗakin ta fita. Sannan ta buɗe kwamfuta. Babu allo a ƙofar gidan, babu bencin masu jira. Har yau wasu maƙwabtanta sun ɗauka darasi take koyarwa ta intanet.

Shekara goma sha huɗu ta yi tana aikin jinya a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kafin ta tafi ƙaro ilimi a kan jinyar firgici ta hanyar motsa idanu. Mutum zai riƙe mummunan abin da ya gani a ransa, idanunsa suna bin yatsanta, dama, hagu, dama, hagu. Sai a tsaya, ya ja numfashi, ya faɗi abin da ya zo masa, a sake. A hankali abin yakan koma labarin da ya wuce, ya daina faruwa da mutum kullum. Da ta dawo ta buɗe wurin kanta, sai masu buƙata suka ƙi zuwa. Wanda ya tsira daga bakin bindiga yana tsoron a gan shi yana shiga inda za a ce ya taɓu. Shekarar korona ce ta mayar da aikin kan kiran bidiyo bisa dole, sai ga waɗanda suka guji ƙofa suna shigowa ta waya. A nan ta tsaya.

Hajja ba ta ba da labarin kowa. Labarin da ke tafe daga bakin masu shi ya fito, kuma da yardarsu.

Alhaji Babakura dillalin shanu ne a unguwar Bolori, mutum mai jiki da murya. Wata rana yana dawowa daga ƙauye da mota cike da shanu, 'yan bindiga suka tare hanya. Yana baya tare da dabbobin, sai ya kwanta a tsakanin ƙafafunsu. Daga nan ya ji an sauke direbansa, Abdulsalami, abokin tafiyarsa na shekara ashirin. Ya ji shi yana kiran sunansa. Bai amsa ba. Sojoji sun iso kafin a tafi da motar, amma Abdulsalami bai tashi ba.

Shekara uku Alhaji bai taka kasuwar shanu ba. Warin shanu da man mota suna haɗuwa a hancinsa, sai ya ji kamar yana cikin motar nan. An yi addu'a, an sha rubutu, ya sami sauƙin zuciya, amma jikin ya ƙi mantawa. Matarsa Falmata ce ta samo lambar Hajja.

"Ni ba mahaukaci ba ne," shi ne abin da ya fara faɗa da fuskar Hajja ta bayyana a wayar.

"Na sani, Alhaji," in ji Hajja. "Rauni ne. Da a ƙafa yake, da tuni ka kai shi an ɗaure. Kada ka bar addu'arka, mu haɗa su."

Gidan cike yake da mutane, don haka a ɗakin da Falmata ke ajiye dusar tumakinta yake zama, bisa buhu, wayar jingine da kwanon awo. Da yake fuskar wayar ƙarama ce, Hajja ta sa ya kafa ƙusa biyu a bango, tana ƙwanƙwasa biro a tebur, idanunsa suna kai da komo tsakaninsu. Zama uku na farko ba ta bari ya taɓa labarin hanyar ba. Ta koya masa yadda zai kwantar da numfashinsa, ta karɓi lambar ƙaramar wayar Falmata wadda ke kan wani layi daban, ta ce duk ranar zama Falmata ta kasance a tsakar gida.

A zama na huɗu, da hantsin wata Alhamis, suka shiga cikin labarin motar. Alhaji ya kai daidai inda Abdulsalami ke kira, sai sabis ya ɗauke. Fuskar Hajja ta daskare, biro ya yi shiru. Ya ce a take ɗakin ya ɓace masa, sai kofatai da wari da wannan murya.

Falmata na tsintar shinkafa wayarta ta yi ƙara. Hajja ce. Falmata ta rantse minti ɗaya bai cika ba da ɗaukewar sabis.

"Falmata, kai masa wayar yanzu. Ki buɗe muryar, ki ajiye kusa da shi, kada ki riƙe shi."

Ta same shi kwance a ƙasa, ya rufe kai da hannuwa.

"Alhaji Babakura, Mu'mina ce. Yau Alhamis. Kana Bolori, a gidanka. Buɗe ido ka faɗa min abin da ke gabanka."

Ya ƙara dunƙulewa. Ta maimaita, da murya ɗaya, ba sauri ba tsawa.

"Buhu," ya ce daga ƙarshe.

"Na mene ne?"

"Dusa."

"Madalla. Wa ke bakin ƙofa?"

"Falmata."

"To tashi zaune. Dafa gwiwar dama, sai ta hagu. Bi muryata."

Rabin awa ta yi a kan layin har numfashinsa ya daidaita, har ya nemi ruwa. Ba ta mayar da shi motar ba a ranar. Ta ce laifin sabis ne, ba gazawarsa ba, kuma tana jiransa Alhamis mai zuwa. Falmata ta ɗauka ba zai sake yarda ba. Sai ga shi ranar ya riga lokaci shiga ɗakin dusa.

A zama na tara, bayan biro ya tsaya, Hajja ta yi tambayar da ta saba: "Me ya zo maka?" Ya ce, "Da na amsa masa, gawa biyu za a kawo. Ba ni na kashe shi ba." Ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar jana'iza.

Bayan sati biyu ya sa babbar riga ya nufi unguwar Fezzan, gidan mahaifiyar Abdulsalami, inda ya kasa zuwa ko gaisuwar mutuwa. Ya durƙusa bai san ta inda zai fara ba. Tsohuwar ta dube shi ta ce, "Shekara uku ina jiran wanda zai faɗa min yadda ɗana ya cika. Zauna, Babakura." Ya zauna ya faɗa mata komai. Yanzu ya koma kasuwa. Hanyar ce dai bai sake bi ba, kuma Hajja ba ta matsa masa ba.

Hajja Mu'mina, ke ce mai zama da mutum a inda kowa ke cewa ya yi haƙuri ya manta. Ke ce kike jin abin da mata ba ta iya jiyar da mijinta, da Hausa ko da Kanuri, ki rufe kwamfuta, ki fito ki ɗora tukunya ba wanda ya ji komai a bakinki. Shekarar da aka kayar da turakun wuta gari ya rasa lantarki, ba ki soke zama ko ɗaya saboda caji ba. Wanda ciwonsa ya fi ƙarfin hanyarki, kin gaya masa gaskiya kin haɗa shi da likita. 'Yan Barno da gudun hijira ya kai Kano da Legas suna kiranki, su ji harshen gida su saki jiki. Wushe, Hajja, sannu da aiki. Mun gode. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya saka miki da abin da Ya fi.

Amma mutum ɗaya ba ta isa garin nan ba. Ku 'ya'yanmu masu karatun lafiya, ku koyi wannan aiki, ku yi shi da Kanuri da Larabcin Shuwa da Bura da Margi. Mu kuma sauran, namu bai buƙatar takarda. Idan akwai wani a gidanku da ya daina zama cikin mutane tun shekarun rikicin nan, kada ku ce halinsa ne ya canza. Ku je ku zauna kusa da shi, ku tambaye shi yadda yake barci, sannan ku yi shiru ku saurari amsar.